Wa ya taɓa canza bututun gas kafin ɗaura hita a gida?

Malamin Firamare, Ringim

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya taɓa yi ya faɗa min yadda ta kaya. Mai ɗakina tana da tsohon ciki, lissafin asibiti ya nuna haihuwar za ta faɗo tsakiyar hunturu, ga wankan jego safe da yamma. Hajiyarmu kuma tana tare da mu, alwalar asuba da ruwan sanyi na tayar mata da ciwon gwiwa. Itace ya yi tsada, wutar lantarki kuwa sai dai mu ji labarinta. Shi ne na sayo hitar gas a Sabon Gari, irin ta bango, an rubuta lita 10 a jikinta. Da tukunyar gas mai kilo 12.5 muke girki. Mai aikin famfon da na kira ya ce ba zai ɗaura ba sai an cire tiyon da muke amfani da shi, an ja bututun jan ƙarfe, an kuma canza rigileta, wato abin da ake ɗaurawa a bakin tukunya yana daidaita ƙarfin gas. Abin da ya lissafa ya kusa kamo kuɗin hitar kanta. Da gaske ne, ko dai nasa yake nema?

Mai Awara, Wudil

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya sauke ta lafiya. Ni ba hita ce da ni ba, amma na ga irinsa. Da na sayi babban murhu saboda dafa ruwan waken suya, a kan tsohon tiyona na haɗa shi. Wuta ta kama da ƙarfinta, kafin tukunyar ta tafasa sai ta fara lanƙwasa tana ja baya. Ita kuma tukunyar gas ɗin sai gumi take tsattsafowa, ka taɓa ƙasanta sanyi ƙalau, alhali da gas a ciki. Sai da na koma mai kilo 25, na sa rigileta mai murɗawa, irin wadda kake ƙara mata ƙarfi da hannunka. Tun daga nan shiru. Ka nemi irinta, ba ta da tsada.

Mai aikin famfo, Gumel

Hajiya, rigiletarki ta dace da murhunki, amma don Allah kada Malam ya kusantar da ita ga hita. Mai murɗawa matsinta ya ninka wanda hita ke ɗauka nesa ba kusa ba, tana iya lalata bawul ɗin ciki ko wuta ta yi tsalle. Malam, ka duba ƙaramin allon da ke manne a gefen hitar. Za ka ga matsin gas ɗin da take buƙata, milibar 28 ko 30, 'yan Chana kuma sukan rubuta 2800 Pa, duk abu ɗaya ne. Rigiletar da ke ba da wannan matsin kaɗai za a sa.

Abokin sana'ata bai cuce ka ba, ga lissafin. Hita mai lita 10 a minti tana cin wajen kilowat 20, wato kusan kilo ɗaya da rabi na gas a awa idan aka bar ta tana ci. Kan girki ɗaya bai wuce giram 150 zuwa 200 ba. Ka ga ita kaɗai tana jan abin da kan girki bakwai zuwa goma za su ja a tare. Kada wannan ya tsorata ka ta wajen kuɗi, bokiti mai lita 20 minti biyu ne, gas ɗin da zai ci wajen giram 50 ne. Wurin da gizo ke saƙa shi ne saurin da take buƙatarsa. Siririn tiyo mai milimita 8, an ja shi daga kicin ya zagaya tsakar gida ya lanƙwasa nan ya lanƙwasa can, kamar ka ce za ka shayar da raƙumi da ludayi ne. Kowace mita da kowace kwana tana cinye matsi. Alamar da nake gani a gidaje ita ce hita ta kama ta mutu, ko ruwa ya fito ɗumi-ɗumi, ko da an buɗe famfon wanka wutar girki ta dusashe.

Yawancin rigiletar gida an buga mata kilo 1.5 a awa a bayanta. Hita kaɗai ta cinye wannan. In za a haɗa ta da girki, sai mai kilo 2 ko sama da haka. Ni na fi son a ware wa hita tukunyarta daban, a ajiye ta kusa, bututu ya zama gajere. In nisan bai kai mita goma ba, jan ƙarfe mai rabin inci yana isar min. Tiyo kuwa ɗan guntu ne kawai tsakanin tukunya da bututun, kada ya wuce mita ɗaya da rabi, ya zama na gas na asali mai shekarar ƙira a jikinsa, da kilif a kowane baki. Tiyon ba da ruwa a lambu da nake tararwa a wasu gidaje, gas yana cin robarsa har ta bushe ta tsage.

Ɗan Kazaure a Ingila

Ikon Allah, rigimar da na sha ke nan a gidan da nake. Nan gas ta bututu yake shigowa, ya bi ta mita. Tsohuwar tukunyar ɗumama gidan tana tara ruwa a tanki ne a hankali, bututu mai milimita 15 ya ishe ta. Da aka zo sa sabuwa mai ɗumama ruwa nan take, injiniyan ya ce sai an ja mai milimita 22 daga mita. Ƙa'idarsu ita ce matsi yana fitowa daga mita wajen milibar 21, kuma ba a yarda ya ragu da fiye da milibar 1 kafin ya isa na'urar ba. Ya auna a gabana, ya nuna min allon. Sai da aka ɗaga katakon ƙasan falo. Kuma a dokarsu ba mai yin aikin gas a gidan mutane sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe.

Abu ɗaya nake so ku kula. Gas ɗin nan ba irin na tukunyar gida ba ne, nasu ya fi iska sauƙi, in ya yi yoyo sama yake yi. Namu na tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata ya taru a rami. Ƙofofin da gas ke fita a cikin na'urar ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya ga hita 'yar gwanjo daga Turai ya duba, in NG ko G20 aka rubuta, ba ta tukunya ba ce. LPG ko G30 ake nema.

Dattijo, Babura

Ɗana, ku yara kuna son wahalar da kanku. Mu da karan dawa aka yi wa iyayenku ruwan jego, ga ku nan garau. Har bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, in ya iso ba kicin ɗin Ringim ya nufa ba, tukunya dai za ku ci gaba da ɗaurawa a babur. To amma tunda ka riga ka saya, ga abin da na gani a gidan ɗana. Ya ajiye tukunya a waje kamar yadda aka ce, ba a yi mata keji ba, dare ɗaya aka yanke tiyo aka tafi da ita. Ta biyun kuma ɓera ne ya ci tiyon, don kusa da buhunan gero yake. Sai da mai walda ya yi keji na rodi da kwado, da rufin kwano saboda rana, aka samu lafiya.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kudu

Baba, ka yi haƙuri in ɗan sa baki. Karan dawa a fili ake hura shi, hayaƙi ya tafi. Yaya Malam, tambayar da ba ka yi ba ita ce a ina za a ɗaura hitar. Kada ta shiga cikin banɗaki. Wuta mai wannan ƙarfi a ɗan ƙaramin ɗaki, ƙofa a rufe saboda sanyi, tana cinye iskar shaƙa, sannan ta fara fitar da iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Na karɓi wata baiwar Allah da aka fasa ƙofa aka ɗauko a sume. Danginta suka ce aljanu ne, ana ta tofi, ashe hita ce a saman kanta ba bututun hayaƙi. Allah Ya yi da sauran kwana. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya lokacin wanka, a fito waje nan take. Wutar hita shuɗiya ya kamata ta zama, in ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta bango, a kashe ta.

Sannan ka faɗa wa masu yi mata wankan su taɓa ruwan da gwiwar hannu. Muna ganin masu jego da ƙuna a baya, in kuma da hawan jini, tsananin zafin nan ba ya yi musu daɗi.

Mai kanti, Dawakin Tofa

Ni na yi duk abin da aka lissafa, jan ƙarfen ma da kaina na sayo a Ƙofar Ruwa, hita ta ƙi kamawa. Aka canza batir, aka sake duba gas, shiru. Ashe ruwa ne. Ita sai ta ji ƙarfin ruwa yana ratsa ta sannan take buɗe gas, tankina kuma a kan ɗan dakali yake, da kaɗan ya ɗara rufin banɗaki. Da aka yi masa ƙafa ta ƙarfe aka ɗaga shi, ta kama. Ka auna tsayin tankinka kafin ka biya kowa.

Malamin Firamare, Ringim

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na duba allon, LPG ne, 2800 Pa. 'Yar uwa, wallahi a cikin banɗakin na yi niyyar sa ta saboda ɓarayi, yanzu mun tsayar da bangon waje, ƙarƙashin rumfa. Baba, keji ma za a yi. Tankinmu yana kan hasumiya tun da aka haƙa burtsatse. Saura abu biyu. In binne bututun a ƙasa saboda yara, ko a bi da shi ta bango? Kuma ya zan gane aikin ya yi kafin in sallami mai shi?

Mai aikin famfo, Gumel

Ta bango, Malam, a sama inda ido ke gani, da kilif-kilif yana riƙe shi. Inda zai ratsa gini a zura shi cikin wani fayif ɗin roba, don siminti yana cin jan ƙarfe. Kada a bar mahaɗa a cikin bango. A sa makunni kusa da hitar yadda ko Hajiyarku za ta iya rufewa.

Kafin ka biya, a kaɗa omo a kofi a shafa kumfar a kowace mahaɗa, gas a buɗe. In ta yi ƙwai, a kwance a sake. Ban da gwaji da ashana, ko shi ya ce ya saba. Daga nan a kunna girki duka kawunan, a buɗe ruwan zafi, ka tsaya ka kalli wutar girkin. In ba ta motsa ba, bututu ya isa. Ka maimaita da asuba ranar da sanyi ya sauka sosai, don lokacin ne tukunya ke kasa, musamman in ta yi ƙasa da rabi. Abin da Hajiya Mai Awara ta gani ke nan: gas ruwa ne a ciki, in ana jansa da sauri sai ya huce ya kasa zama iska. Kada a zuba mata ruwan zafi ko a kwantar da ita, a haɗa tukunya biyu ko a koma babba. Ka duba shekarar da aka buga a wuyan tukunyar ma, hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, shekara 15 ta ba ta.

Bututun hayaƙin ya ɗara rumfar, a sa masa hula da raga. In zafi ya shigo kuka daina kunna ta, zanzaro zai yi gini a ciki. Ka sa a leƙa shi kafin hunturun baɗi.