Aiki a jirgin ruwan alfarma: wanda ya san hanya ya haska mini

Ɗan Herwagana:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan Gombe ne, gyaran janareta nake yi kusa da Tashar Dukku, manya na dizal da ƙanana na fetur, kuma na yi difiloma a fannin inji. An turo mini talla a WhatsApp cewa ana ɗaukar ma'aikata a jiragen ruwan shaƙatawa na attajirai a Dubai, albashi da dala, ci da kwana a kansu. Ejan ɗin ya ce in kawo naira miliyan biyu da rabi, shi zai yi biza da takardu, nawa kawai in haɗa kaya. Inna har ta fara maganar a sayar da filinmu na hanyar Bajoga. Ni kuwa ruwan da na sani a duniya Dadin Kowa ne, shi ma daga bakin gaɓa. Aikin nan akwai shi da gaske? Ta ina ake farawa?

Mai Shayin Pantami:

Malam, ka riƙe filin nan da hannu biyu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka jira masu sani su zo.

Baffan Teku:

Wa alaikumus salam ɗana. Aikin akwai shi, ni na yi shi. Mutumin Kumo ne ni, na fara a ƙananan jiragen da ke kai kaya rijiyoyin mai daga tashar jiragen ruwa ta Onne a Jihar Ribas, daga baya na koma ɗakin injin wani jirgin alfarma mai tsawon mita 45 da ke yawo tsakanin Tekun Fasha da Bahar Rum. Yanzu na dawo gida ina noman masara. Amma ejan ɗinka ban yarda da shi ba, ga dalilina. Akwai yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006, ana ce mata MLC, Najeriya ta amince da ita a 2013. A cikinta an hana kamfanin ɗaukar ma'aikata ya caji ma'aikaci kuɗin nema masa aiki, mai jirgi ne ke biyan ejan. Abin da ke wuyanka shi ne fasfo, da littafin ma'aikacin jirgi, da gwajin lafiya. Ka tambaye shi sunan jirgin, da tutar ƙasar da yake ɗauke da ita, da kwafin kwantiragi. Za ka ga yadda zance zai sauya.

Takarda ta farko ita ce STCW, horon kare kai da ake nema a wurin duk mai aiki a teku. Kusan mako ɗaya ake yi. Za a koya maka kashe gobara cikin ɗaki mai hayaƙi da tukunyar iska a bayanka, da taimakon gaggawa, da yadda za ka tsira idan jirgi ya nutse. A nan ne za a saka maka rigar ceto a ce ka faɗa ruwa, ka hau kwale-kwalen roba, idan ya kife ka juyo da shi. Saboda haka maganar bakin gaɓa ba ta taso ba, ka nemi mai koya maka iyo tun yanzu. Ka yi horon a makarantar da NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, ta amince da ita, akwai Kwalejin Horon Ma'aikatan Ruwa ta Oron a Akwa Ibom, akwai kuma wasu a Legas da Fatakwal. NIMASA ɗin ce ke bayar da littafin ma'aikacin jirgi, inda kyaftin zai riƙa buga maka hatimi yana rubuta lokacin da ka yi a teku. Sai gwajin lafiya. Yawancin waɗannan jiragen takardar ENG1 suke tambaya, wadda likitan da hukumar jiragen ruwan Birtaniya ta amince da shi ke bayarwa, ba ta wuce shekara biyu. Ana duba ido sosai, musamman bambance ja da kore, domin fitilar hagun jirgi ja ce, ta dama kuma kore.

To sai babban tsauni, biza. Yaran Turai da na Afirka ta Kudu suna tafiya Antib a Faransa ko Palma a Sifaniya wajen watan Afrilu, kafin kakar Bahar Rum ta buɗe, su riƙa bin jirage da sassafe da takardunsu a hannu suna neman aikin yini. Idan sanyi ya shigo jiragen su tsallaka Karebiyan, masu neman aiki su koma Fort Lodadel a Amurka. Mai koren fasfo ba zai yi wannan da sauƙi ba, kuma neman aiki da bizar yawon buɗe ido yana iya jawo a koro mutum. Ita kanta Dubai ta rufe wa 'yan Najeriya biza daga 2022 zuwa 2024. Shi ya sa nake ce maka ka fara a gida. Ka shiga jirgin kaya ko mai jan jirage a Onne ko Apapa a matsayin mai shafa wa inji mai, littafinka ya cika da hatimi, sannan ka nemi na alfarma da hujja a hannu.

Addar Jekadafari:

Hamma, ni a otal na yi aiki a Abuja, bari in ƙara abin da Baffa bai taɓa ba. Jirgin nan otal ne a kan ruwa, kuma masu hidimar baƙi su ne ke zuba giya, babu yadda za su kauce. Idan wannan zai dame ka, kada ka karɓi aikin cikin ɗakuna ko an ba ka. Ka kuma yi tambaya a kan abinci da salla tun kafin ka sa hannu a komai.

Ɗan Herwagana:

Na gode Adda. Baffa Allah ya ƙara girma, na kira ejan ɗin na tambaye shi sunan jirgin, ya ce wai sirri ne. Amma abin da ke ba ni tsoro, injin jirgin attajirai ina, janaretan gidan burodi ina? Zan gane komai kuwa?

Baffan Teku:

Za ka gane fiye da yadda kake zato. Dizal dizal ne. Yawancin injinan Caterpillar ne ko MTU na Jamus, wasu MAN ko Volvo Penta. Bambancin da zai fara ba ka mamaki shi ne babu lagireto da fanka, ruwan teku ake jawowa ya sanyaya ruwan da ke zagaya injin, don haka kullum kana cire ciyawa da leda daga matata, kana yaƙi da gishiri da tsatsa.

Ƙirar jiragen iri biyu ce a taƙaice. Akwai mai nauyi da ke keta ruwa a hankali, gangar jikinsa ƙarfe ne, benayen sama kuma alminiyam don kada kai ya fi ƙafa nauyi. Irin wannan ba ya sauri, amma zai tsallake Tekun Atilantika da man da ke tankinsa. Akwai kuma mara nauyi, na faiba ko alminiyam zalla, wanda idan an taka shi yake ɗaga hanci ya riƙa sulɓi a saman ruwa, yana shan mai kamar ba gobe. Ka ɗauke su kamar tirela da ƙaramar motar tsere. Italiya ta fi kowa yawan ƙerawa, irin su Benetti da Sanlorenzo da Azimut, amma manyan ƙattai Jamus da Holan ne gwanayensu. Lürssen ta Jamus ce ta ƙera Azzam a 2013, mita 180.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne attajiri yana son ya ji kamar yana falonsa, ga ruwa kuma a gabansa. Sai aka ƙara girman tagogi daga ƙasa har sama, aka mayar da bayan jirgi wurin zama daf da ruwa, bango yana buɗewa ya zama baranda. Gilashi da yawa a zafin Tekun Fasha yana nufin na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Kowane bango mai buɗewa kuma famfon mai ne ke tura shi, kuma ranar da baƙi suka zo ita ce ranar da yake ƙin rufewa, Allah ya sani. Akwai fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu hana jirgi tangaɗi ko yana tsaye, ƙananan jirage kuma suna amfani da wani ƙaton faifai mai juyawa da gudu a ciki. Ruwan sha daga teku ake tace shi, a matsa shi da ƙarfi ta cikin matata gishirin ya tsaya. Sababbi da dama sun haɗa dizal da batir, kamar Savannah da Feadship ta Holan ta fitar a 2015, don su shiga tasha da dare babu ƙara. Duk waɗannan wuta suke ci. Shi ya sa nake ganin janaretanka shi ne jarinka, kuma da ni ne kai, da na ƙara koyon wayarin, da gyaran na'urar sanyi, da karanta taswirar lantarki. Masu wanke katakon bene da goge ƙarfe sun yi yawa, kowa ya iya. Wanda zai gano inda wuta ta yanke da ƙarfe biyun dare shi ne kyaftin ba ya so ya rasa. Akwai ɗan gajeren kwas na Birtaniya mai suna AEC, shi ne matakin farko na ɗakin inji a waɗannan jiragen, ka sa shi a lissafi nan gaba.

Kada hotuna su ruɗe ka. Duk filin da mai zane ya ƙara wa baƙi, daga wurin ma'aikata ya yanko shi. Mu can gaba muke kwana a ƙasa, inda igiyar ruwa ta fi duka, mutum biyu a ɗaki, gado a kan gado, ba ka iya miƙa hannu biyu. Dokar ta ce hutun awa 10 cikin 24, amma idan mai jirgi yana ciki sai dai ka yi haƙuri. A kan salla, gaskiyar Adda ce. Ni kyaftin ɗina Bature ne, na gaya masa tun ranar farko, bai taɓa hana ni ba, kuma alƙibla ba ta wahala tunda kamfas yana gabanka. Juma'a ce kawai za ka yi kewa, da azumi a tsakiyar kaka.

Ɗan Herwagana:

Baffa na ji. Na gaya wa Inna a bar filin. Fasfo zan fara yi, tunda akwai ofishin shige da fice a nan Gombe. Akwai wani masunci abokin cinikina a Dadin Kowa da nake gyara wa injin ban ruwa, ya ce in zo ranar Asabar ya fara koya mini iyo a inda ruwa bai kai ƙirji ba.