Wace hanya ce mafi rahusa ta tura kuɗi zuwa Filifin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Abokiyar aikina a wani asibiti a Ingila 'yar Filifin ce, kuma duk wata tana tura wa mahaifiyarta kuɗi, amma cajin banki yana cinye mata kaso mai yawa. Wace hanya kuke ganin ta fi sauƙi?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ta dubi cajin turawa kaɗai, domin kamfanoni da dama suna ɓoye ribarsu a cikin farashin canji. Abin da ya kamata ta kwatanta shi ne yawan peso, wato kuɗin Filifin, da zai isa hannun mahaifiyar. Kamfanin tura kuɗi na Wise yana amfani da farashin canji na kasuwa, kuma yana nuna cajinsa a fili.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, Malam, amma idan tsohuwar ba ta da asusun banki, kamfanonin tura kuɗi na Remitly ko Western Union sun fi dacewa, tunda za ta iya karɓar tsabar kuɗi a shagon Cebuana Lhuillier, wani kamfani mai rassa a Filifin da ke biyan kuɗin da aka turo.

Amsa ta uku: Za ta iya gwada GCash ma, wato manhajar ajiye kuɗi a waya da ake amfani da ita a Filifin, sai dai dole a tantance asusun mahaifiyar kafin kuɗin waje su shiga.