Randar sabil: gado ce ko tsohon yayi?

Ɗan Gadarif: Salam jama'a. Ni dai na faɗa zan kuma faɗa, randunan sabil ɗin nan, na ruwan sadaka da ake ajiyewa bakin hanya a nan Sudan, lokacinsu ya wuce. Moɗa ɗaya mutum ɗari su sa baki, ga kwalara da muke ta fama da ita tun 2024. Mai neman lada ya kafa kula ta ƙarfe mai sanyaya ruwa irin ta Saudiyya

Inna ta Maiurno: Kai ɗan nan, kula da wace wutar? Zir, wato randar, ba ruwansa da lantarki, yumɓun ne ke tsattsafo iska na bugawa ruwan yayi sanyi ƙarara. Randa uku gare mu ƙofar gida gindin darbejiya da ƴar rakuba, wato rumfa, ta zana, tun rasuwar babanmu nake cika su da asuba sadaka gare shi, kuma da mutanen garin Madani suka gudo daga yaƙi ƙarshen 2023 mata da goyo ƙafa duk ta kumbura wlh nan suka zube suka sha, ba wanda ya tambaye su ko ƴan ina ne

Malam na Sinnar: Gaskiyarki Inna. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka tafi, aka ce ruwa. Kakanninmu ma da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 da ƙafa suka nufo gabas, inuwar mutane da ruwan mutane suka kawo su bakin Nilu.

Alhaji na Jidda: Ku duba nan ma. Tafkunan dutse da masaukai da Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka gina wa alhazai daga Kufa zuwa Makka da yawansu suna nan har yau, hukuma na adana su. Mu namu don na yumɓu ne sai mu raina?

Ɗan Gadarif: Baba Alhaji ai na Zubaida kallo ake zuwa yi ba sha ba. Allah ya baki haƙuri Inna, ba raini bane, ƙanwata ta kwanta da ciwon nan na ga yadda yake zuƙe mutum cikin wuni guda

Inna ta Maiurno: Allah ya ƙara mata lafiya. To ba fasa randa za ayi ba, murfi za a sa, a wanke ta, a jefa ƙwayar kilorin, moɗar ɗiba daban kofin sha daban. Jibi Juma'a zan wanke namu, kai ka turo min kuɗin murfi uku.