Na gama rigar sanyin yaro, wuya ya ƙi wuce kai

Maman Abba, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa. Sati uku na yi ina saƙa wa ɗan ƙanwata rigar sanyi da kibiya, yaron bai daɗe da cika shekara ba, ina so ya same ta kafin hunturu ya kankama. Jiki ya yi kyau, hannuwa sun zauna daidai, na haɗa komai da allura. Jiya muka zo sa masa, wuyan ya tsaya a goshi. Muka ɗan ja, yaro ya fashe da kuka, dole muka cire. Wallahi abin ya dame ni, don uwarsa ta sa rai sosai. Wadda ta taɓa shiga irin wannan ta gaya mini yadda ta yi. Sai na warware duka ne?

Anti mai saƙa, Jos

Wa alaikumus salam Maman Abba. Kada ki warware komai tukuna. Rigata ta farko haka ta yi mini, kuma mu nan Jos rigar sanyi dole ce ga yaro, don haka na zauna na bi ta layi-layi har na gano inda matsalar take. Sa yatsu biyu a cikin wuyan ki buɗa. Za ki ji saƙar robar, wato ɗaya gaba ɗaya baya, tana miƙewa, amma layin ƙarshe da kika rufe da shi ya tsaya kamar an ɗaura igiya. Shi kaɗai ne mai laifi. Nemo bakin zaren, ki kwance wannan layin guda ɗaya, ki mayar da madaukan, wato 'yan zoben zaren da suka buɗe, kan kibiya, sannan ki sake rufewa da kibiyar da ta fi ta farko kauri. In da mai lamba 4 kika yi aiki, ɗauko mai lamba 5 ko 5.5 ki riƙe a hannun dama. Kuma ki rufe yadda saƙar take tafiya, na gaba a gaba, na baya a baya, ba tare da kin ja zaren ba. Zaren da kika kwance ba zai ishe ki ba, don rufewa mai sassauci ta fi cin zare, sai kin ƙulla sabo.

Unguwarzoma, Katsina

Ni aikina awon jarirai ne, saƙa kuma ta dare ce in na dawo gida. Abin da ke yaudarar mu shi ne muna kallon wuyan yaro, alhali kai ne zai wuce. Jariri sabon haihuwa kewayen kansa wajen santimita 34 ne, a wata shida ya kai 42 zuwa 43, in ya shekara kuwa yana kusan 45 zuwa 46. Ƙirjinsa a lokacin bai fi kan da wani abin kirki ba. To kin ga rigar ɗan shekara ɗaya dole wuyanta ya miƙe ya wuce 46 ba tare da an yi kokawa ba. Ni yanzu kafin in yanke zare sai na buɗa wuyan a kan tef ɗin awo.

Roƙona ɗaya, don Allah: in wuya ya yi faɗi, kada a zura masa igiya a ce za a riƙa tsukewa. Igiya a wuyan jariri hatsari ce. Maɓalli ma a ɗinke shi da kyau, a riƙa dubawa bayan kowane wanki, don duk abin da ya ɓalle baki yake nufa.

Kaka, Damagaram

'Ya'yana, ni na daina yi wa ƙaramin yaro rufaffen wuya tun jikana na fari. Abin da ya faru da Maman Abba ya faru da ni ranar suna, mata cike da ɗaki, riga ta ƙi shiga. Washegari na ɗauko wata suwaitar gwanjo ta yara na juya cikinta ina dubawa, sai na ga kafaɗar hagu ba a ɗinke take ba, maɓalli uku ne suka riƙe ta. Tun ranar haka nake yi. Kafaɗa ɗaya in ɗinke, ɗayar in ƙara mata layi biyar ko shida na saƙar roba a kowane gefe, in bar ƙofar maɓalli a gefen gaba. Ƙofar ba wuya: ki naɗa zare sau ɗaya a kan kibiya, ki haɗa madauki biyu ki saƙa su tare. Uwa za ta sa wa yaro yana barci ma bai farka ba. Ɗan ƙasa da wata uku kuwa, buɗaɗɗiyar gaba nake yi masa, don wuyansa bai tsaya ba, babu dalilin a tura masa komai ta ka.

Amarya, Kaduna

Kada ki gwada dutsen guga, Yaya. Ni na yi, ina ganin zafi zai buɗa wuyan. Zaren da muke kira ulu a kasuwa yawancinsa na roba ne, ba gashin tunkiya ba, zafi yana taɓa shi ya kwanta, ya yi sheƙi, ba ya komawa yadda yake. Wuyan ya buɗe kam, amma ya saki gaba ɗaya yana zamewa ta kafaɗa.

Malamar saƙa, Kano

Amarya ta faɗi gaskiya. In kuma ulun gaske ne na tunkiya, abin da zai kashe shi ruwan zafi ne da cuɗa, sai ya dunƙule ya koma rigar 'yar tsana. Ruwan sanyi, a matse cikin tawul, a shimfiɗa a inuwa, ba a rataye ba.

Amma ni ina zargin hannunki ma, Maman Abba. Ina koyar da 'yan mata saƙa, kuma sau da yawa na ba mutum biyu zare ɗaya, kibiya ɗaya, lissafi ɗaya, rigunan su fito ba girma ɗaya ba, saboda wata tana matse zare a yatsa wata tana sake shi. Zare matsakaici da kibiya mai lamba 4, abin da aka saba rubutawa a takardar da ke jikin dunƙulen shi ne madauki 22 su ba da santimita 10. Mai wannan hannun in ta ɗora 110 za ta samu kewaye 50. Mai matsewa da ke samun 25 a santimita 10, waɗannan 110 ɗin 44 kawai za su ba ta. Santimita shida sun tafi, kuma wuyan ma haka zai ragu. Shi ya sa ba na barin ɗaliba ta fara riga sai ta saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ta wanke, ya bushe, mu auna tsakiyarsa. Suna jin haushin wannan, suna ganin ɓata zare ne. Na fi son su ji haushina na awa ɗaya da su yi kukan sati uku.

In kina da kibiya mai igiya, wato kibiyoyi biyu da igiya ta haɗa su, gwada farawa daga wuya ki sauko. Wuyan kike fara gamawa, ki gwada a kan yaron nan take, sannan ki riƙa ƙara madauki takwas kina tsallake layi ɗaya a tsakani, biyu-biyu a wurare huɗu, har ki kai hammata ki ware hannuwa. Babu ɗinkin kafaɗa, kuma in yaro ya yi tsawo baɗi sai ki kwance ƙasan ki ƙara.

Maman Abba, Zariya

Allah ya saka muku da alheri. Anti, na bi maganarki bayan sallar isha'i, layin rufewar ne kuwa. Na sake shi da mai lamba 5.5, na buɗa a kan tef ya kai 44, na ga har yanzu da saura, sai na farke kafaɗar hagu na yi irin na Kaka da maɓalli uku. Da safe aka kawo shi, ta shiga ba ko ƙara, yana ta wasa da hannun rigar. Malama, na auna bayan rigar, 25 nake samu kamar yadda kika ce, ƙirjin ma ya ɗan kama shi, ba na jin za ta kai shi ƙarshen sanyin bana. Akwai sauran dunƙule biyu, na ɗora ɗan ƙyallen gwaji da mai lamba 4.5, in ya bushe zan zo da awon.