Ƙa'idar “tsallake ka canza alama” ta rikita 'yata a aljabara

Baban Ɗaliba:
Assalamu alaikum. 'Yata tana aji biyu a ƙaramar sakandare, kuma an koya musu cewa duk lambar da ta tsallake alamar daidai sai ta canza alama. Daren jiya ta kawo mini 3x + 400 = 2,500. Ta tsallakar da 400 ta samu 3x = 2,100, wanda daidai ne, sannan ta tsallakar da 3 ta ɗebe shi, ta rubuta x = 2,097. Na san amsar ba ta yi ba, amma na rasa yadda zan fahimtar da ita, domin a ganinta abin da aka koya mata ta bi. Malamai, a taimaka.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Baban Ɗaliba. Yarinyar ba ta da laifi, haddar da aka ba ta ce gurguwa. Babu lambar da take tsallake komai. Lissafin tamkar sikeli ne, duk abin da aka yi wa gefe ɗaya dole a yi wa ɗayan. An tara 400 ne, shi ya sa ake ɗebe shi daga ɓangarorin biyu, amma shi 3 ninka x ya yi, kuma abin da ke warware ninkawa shi ne rabawa, don haka sai a raba 2,100 gida uku, a samu 700. Ita kalmar aljabara ma daga “al-jabr” ta fito, wato ɗori irin na karaya, kuma tana cikin sunan littafin da masanin lissafi Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, inda ya warware irin waɗannan matsaloli da zance zalla, babu x ko y.

Tsohuwar Malama:
Ni da ina koyarwa, kasuwa nake kai su tukuna. Ka ce mata an aike ta da naira 2,500, ta sayo sabulu uku iri ɗaya da gishirin naira 400, kuma ko kwabo bai yi saura ba, to nawa ne kuɗin sabulu ɗaya? Da wuya ta ce 2,097, domin a wannan farashi sabulu biyu ma sun fi ƙarfin kuɗin da ke hannunta. Sannan ka saba mata da mayar da amsa gurbin x kafin ta rufe littafi: 700 sau uku 2,100 ne, a ƙara 400, an dawo 2,500.

Baban Ɗaliba:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada misalin sabulun bayan sallar magariba, ta ce 700 tun kafin ta ɗauki biro.