Tsohuwar kwalbar jan ruwan inabi: yaya za a buɗe ta ba a ɓata ta ba?

Ɗan Mamobi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a wani gidan cin abinci da ke unguwar Osu a Accra, kuma wani baƙonmu na kullum ya kawo kwalbar jan ruwan inabi ta yankin Bordeaux na Faransa, ta shekarar 2005, ya ce a ajiye masa har ranar Asabar da zai zo da mutanensa. Manaja ya ɗora mini alhakin buɗe ta, ni kuwa ba na sha, saboda haka harshena ba zai taimake ni ba. Da na ɗaga ta a haske, sai na ga wani baƙin abu ya kwanta a gefenta. Shin lalacewa ta yi? Kuma a firji zan sa ta ko in bar ta a ɗaki, tunda na ji ana cewa ja ba a sanyaya shi?

Baba Tsohon Kuku ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, wannan baƙin abu guggubi ne, alamar tsufa ce. Jan ruwan inabi yana da bauri irin na goro, wanda yake samu daga ɓawon inabi da 'ya'yansa, kuma idan shekaru suka tura, baurin yakan haɗu da launi su zama ƙura su kwanta, shi ya sa tsoho ya fi sabo laushi a baki, launinsa kuma yakan juya daga ja mai duhu ya koma kamar na jan bulo. Ka tsayar da kwalbar tun ranar Alhamis, kada kowa ya jijjiga ta, domin guggubin ya sauka gindi.

Maganar da ka ji ta rashin sanyayawa ta rikita mutane da yawa a ƙasar nan. Turawan da suka ce a sha shi a zafin ɗaki, ɗakunansu na Faransa suke nufi, wato digiri 16 zuwa 18, alhali a Accra ma'auni yakan kai 30 ko ya wuce. A irin wannan zafi warin barasa ne yake tasowa ya danne ƙamshin da aka yi shekaru ana jira. Ka ajiye ta a ɗaki mafi sanyi da kuke da shi, nesa da murhu da taga, sannan ka sa ta a firji a tsaye na kamar rabin awa kafin a buɗe. Kada ka kuskura ka kai ta wurin ƙanƙara. Na yi shekaru ina aiki a gidajen jakadu a Cantonments, kuma kwalaben da na ga sun mutu, zafi ne ya kashe yawancinsu, musamman a lokacin dumsor na 2015 da wuta take ɗaukewa tana dawowa.

Idan za ka juye ta a tulun gilashi, ka kunna kyandir ko fitilar wayarka a ƙarƙashin wuyan kwalbar, ka riƙa zubawa a hankali ba tsayawa, da zarar ka ga duhu ya iso wuya sai ka dakata. Abin da ya rage a ciki, ka bar shi. Daga nan ka ba ta awa biyu ta sha iska.

'Yar Asawase ta amsa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma da izininsa zan saɓa masa a kan awa biyun nan. Gaskiya ne 2005 shekara ce mai kyau a Bordeaux, kuma idan kwalbar ta manyan gidajen yin ruwan inabi ce irin su Latour ko Margaux, waɗanda suke sahun farko tun jerin darajar gidajen Bordeaux da aka tsara a 1855, to tana da ƙarfin jure iska har fiye da haka. Sai dai ƙanena bai gaya mana gidan da ya yi ta ba, ba mu kuma san irin ajiyar da ta samu tun saukarta a ƙasar nan ba. Wadda ta riga ta gaji, iska tana iya kwashe mata ƙamshi tun baƙi ba su gama gaisawa ba. Ni dai zan buɗe ta a gaban mai ita, in zuba masa kaɗan ya ɗanɗana, shi ya yanke ko a jira ko a zuba.

Ka lura da toshiyar ma. Idan ta turo sama, ko ka ga sawun ruwa ya bushe a ƙarƙashin murfin, zafi ya taɓa kwalbar, kuma gara ka nuna wa manaja yau, kada a ce a hannunka ta lalace. Tsohuwar toshiya tana marmashewa, saboda haka in kuna da mabuɗin nan mai harshe biyu da ake zurawa ta gefe, shi ya fi mai murɗawa aminci. Idan kuma ka ji wari kamar na jiƙaƙƙen kwali, cutar daga toshiyar ta fito, babu laifin kowa a wurin aikinku, hanci ma ya ishe ka ganewa ba sai ka kai baki ba. Ka zuba kashi ɗaya cikin uku na kofi kawai, kuma ka roƙi masu kicin kada su haɗa ta da shito, wato miyar barkonon Ghana, ko yajin tsire, domin barkono zai rufe komai. Gasasshen naman rago da gishiri kaɗan ya wadatar.

Ɗan Mamobi ya sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Yaya. Na duba, toshiyar ba ta turo ba, ruwan kuma yana daidai gindin wuya. Na tsayar da ita a ɗakin ajiya mai na'urar sanyi, na manna takarda a jikin shantar cewa kada a taɓa. Mabuɗi mai harshe biyu ne ba mu da shi, amma gobe zan tambayi abokina da ke aiki a wani otal na kusa da filin jirgi.