Dubai World Cup: wane doki ne gwarzo a cikin waɗanda suka ci?

Ɗan Barga:
Salam 'yan'uwa. Dan Allah masu bin tseren dawakin ƙasashen waje ku taimaka min, na ga bidiyon wani farin doki a Dubai da aka bari a baya tun daga tashi amma ya zo ya wuce kowa, wai Dubai World Cup ake ce wa gasar. Yaushe aka fara ta, kuma cikin dawakin da suka ci wanne ne kuke ganin ya fi?

Mai Linzami:
Wslm ɗan'uwa. Arrogate ka gani, 2017 ke nan, dokin Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, mahayinsa Mike Smith. Gasar kuwa Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum ne ya kafa ta a 1996, mita 2,000 ake gudu a shimfiɗaɗɗen fili ba tsallake shinge, galibi ƙarshen watan Maris. An fara a filin Nad Al Sheba da kyautar dala miliyan 4, kuma dokin da ya fara cin ta shi ne Cigar daga Amurka, zuwansa ne ma ya sa duniya ta ɗauki abin da muhimmanci don a lokacin babu dokin da ya kai shi suna a can. A 2010 aka koma filin Meydan, yanzu kuɗin ya kai dala miliyan 12. Ni dai Arrogate ɗin nan shi ne nawa, ka sake kallo ka ga yadda aka matse shi a bakin ƙofar tashi ya zama na ƙarshe, ga ƙasa ta jiƙe da ruwan sama, ya bi ta gefe yana tsinke su ɗaya bayan ɗaya har ya kamo Gun Runner, wanda shi ma ba ƙaramin doki ba ne.

Baba Sirdi:
Yaro, Arrogate ya yi abin a yaba, amma wlh ni ba na haɗa kowa da Dubai Millennium. Sunansa na farko Yaazer, Sheikh Mohammed ya canza masa suna da niyyar ya ci gasar 2000, kuma ya ci ɗin. Frankie Dettori ne a kansa, ya shige gaba tun da wuri kuma babu wanda ya ƙara shan ƙurarsa kusa, tazarar tsawon doki 6 ya ba na biyu. Abin da ke taɓa min zuciya shi ne bai daɗe ba, a 2001 ciwon hanji ya kashe shi a Ingila bayan ya yi barbara na ɗan lokaci kaɗan, amma cikin 'ya'yan da ya bari akwai Dubawi, shi kuma Dubawi ya haifi Monterosso da ya ci a 2012 da Prince Bishop da ya ci a 2015. Jikoki biyu a gasa ɗaya! Duk mai kiwon doki ya san jini ake dubawa, ba gudun rana ɗaya kaɗai ba.

Hajiyar Kilisa:
Baba a yi min afuwa, in ana maganar tarihi to Thunder Snow fa? Shi kaɗai ya ci sau biyu, 2018 da 2019, na biyun da ƙyar da hanci ya tsere wa Gronkowski. Saeed bin Suroor da ya horar da shi sau 9 yana cin gasar nan. Sannan kar a manta da 2011, makonni biyu bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku sun yi ɓarna a Japan dawakinsu suka zo na ɗaya da na biyu, Victoire Pisa da Transcend, har yau in na kalla sai jikina ya yi sanyi.

Mai Linzami:
Gaskiya ne Hajiya. A 2020 ma ba a yi ba saboda korona. Ɗan Barga nemi na 2016 ka gani, sirdin California Chrome ya zame baya sosai ana tsakiyar gudu amma Victor Espinoza bai faɗo ba har suka ci.

Ɗan Barga:
Allah ya saka da alheri. Baba na kalli na 2000 yanzu, lallai dokin nan daban ne. Akwai mai cikakken bidiyon na 2016? Ina so in nuna wa yaran bargarmu don su ga dalilin da nake musu faɗa kan ɗaure majayi.